Kilo 15 kacal aka yarje mini: me zan ɗauka zuwa tantin alfarma a Masai Mara?

Maman_Ilham: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema, don Allah kada a yi mini dariya. A watan Agusta aurenmu zai cika shekara 10, Abban Ilham ya ce zai kai ni Kenya, dajin Masai Mara, kwana huɗu a irin tantin nan na masu hannu da shuni, mai gado da katifa da banɗaki a ciki. Murna kam na yi ta har na gode Allah. Sai jiya ya turo mini takardar da kamfanin ya aiko, wai daga Nairobi ƙaramin jirgi za mu hau, kowane mutum kilo 15, har da jakar hannu a ciki, kuma ba a son akwati mai taya, sai jaka mai laushi. Ni da ko kwana biyu zan yi a Zariya wajen biki sai na cika akwati biyu! Na ɗora leshina guda ɗaya da ɗankwalinsa da mayafi a sikeli, kilo biyu saura kaɗan. Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka mini, me ake ɗauka, me ake bari? Turaren wutana fa da kaskona?

Dan_Kwari77: Wa alaikumus salam. Hajiya ki tsaya tukuna. Kuɗi za ku biya, da dala, don ku kwana a tanti a cikin daji kusa da kura? Ikon Allah. Ku zo rugar su kakana a bayan Dambatta, kyauta zan sa a ba ku bukka, har da kindirmo da safe.

Maman_Ilham: Na ce kada a yi mini dariya fa, Alhaji.

Abu_Nairobi: Anti, shekarata ta huɗu ke nan ina karatu a Nairobi, kuma na je Mara sau biyu, ko da yake ni ta mota na bi, irin tafiyar ɗalibai. Maganar kilo 15 gaskiya ce, ba barazana ba ce. Daga filin jirgin Wilson ake tashi, ba babban filin Jomo Kenyatta da za ku sauka ba, kuma jiragen ƙanana ne masu ɗaukar mutum goma sha wani abu. Ma'ajiyar kayansu a ƙarƙashin cikin jirgin take, ƙofarta 'yar ƙarama, shi ya sa akwati mai tauri ba ya shiga, jaka kuwa ana lanƙwasa ta a tura. Ana auna kaya a gabanki. Amma ga sauƙi: ki zo da babban akwatinki daga gida yadda kike so, ki bar shi ajiya a otal ɗin da kuka kwana a Nairobi, ki zuba na kwana huɗun a jaka. Kusan duk otal suna yin wannan. Tafiyar jirgin wajen awa ɗaya ce. In kuwa kin nace sai da akwatunanki, to ku bi mota ta garin Narok, awa biyar zuwa shida, ba mai auna miki komai.

Hajiya_Turai: 'Yata, ni na je da Alhaji shekaru uku da suka wuce, kuma a watan Agustan. Abu ɗaya zan fara faɗa miki, ki rubuta shi a tafin hannu: SANYI. Kada ki ji an ce Afirka ki ɗauka Kano ce. Wurin tudu ne, ya haura mita 1,500 daga teku, kuma Yuli da Agusta su ne lokacin sanyinsu. Ƙarfe shida na safe ake fita kallon dabbobi a mota marar gilashi, iska na dukan fuska. Ni da na tafi da 'yan mayafai na gayu, ranar farko haƙorana har kaɗawa suke. Direbanmu ne ya tausaya mini ya miƙo mini bargon Masai ɗin nan, wato mutanen yankin, ja mai layi-layi, shuka suke ce masa, na ƙudundune kamar mai jego. Duk hotunan da Alhaji ya ɗauke ni ranar, ido kawai ake gani. Da rana ta ɗaga wajen goma kuma sai ki fara neman cire kaya. Saboda haka kaya masu hawa-hawa za ki sa: riga mai dogon hannu a ciki, suwaita a kai, jaket a sama, safa mai kauri. Kina jin zafi kina rage ɗaya.

Maman_Ilham: Mama na gode. Wato sanyin ya kai na hunturun Jos?

Hajiya_Turai: Kusan haka, ki ƙara da iskar mota. Da daddare kuwa za ki tarar sun saka miki robar ruwan zafi a cikin bargo. Ba wanda ya gaya mini. Na zura ƙafa na ji abu mai ɗumi mai gashi-gashi, na kurma ihu na yi waje ba ɗankwali, mai gadi ya sheƙo riƙe da mashi. Har yau Alhaji bai daina ba da labarin nan ba in an taru.

Kande_Mai_Humra: Hhhh Mama kin kashe ni. Amma a dawo kan turare. Ni dai ban ga yadda za a yi mace ta yi tafiyar cika shekara goma da maigida ba turaren wuta ba. Ki ɗauki ɗan ƙaramin kasko da gawayin nan mai kamawa da ashana, ba nauyi gare su ba.

Injiniya_Bashir: Hajiya Kande, da girmamawa, wannan shawarar kada a bi ta. Tanti komai tsadarsa tamfol ne da katako da labule. Garwashi ɗaya ya faɗi a kan darduma an gama. Ban da gobara, gawayi a rufaffen wuri yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci ta tafi da shi, irin abin da muke ji duk hunturu a gidajen da ake shiga ɗaki da murhu. Mu da muke zuwa Hajji ai mun san tarihin abin. Gobarar Mina ta 1997 mutum sama da 300 ta ci, kuma daga wajen girki ta tashi. Bayan ita ne Saudiyya ta sauya tantunan gaba ɗaya zuwa waɗanda ba sa kama wuta, aka kuma hana girki a ciki. Sannan gawayi mai kamawa da kansa yana cikin abin da ba a yarda a hau jirgi da shi ba.

Kande_Mai_Humra: To na lantarki fa? Akwai ɗan kaskon da ake jonawa.

Injiniya_Bashir: Shi ma ta tambaya kafin ta ɗauka. Yawancin sansanonin tantunan nan da hasken rana da batir suke aiki. Cajin waya da fitila ba matsala, amma duk abin da ke zafi, dutsen guga, na'urar busar da gashi, hita, yana iya kashe wutar tantin duka. Ni shawarata ta turara kayanta a gida, ta turara su sosai kwana biyu a kabbasa, ta naɗe. Ƙamshin zai kai ta ya dawo da ita.

Kande_Mai_Humra: Namiji da sanin kabbasa! Madam ta iya tarbiyya. To na sauka daga kan kasko, amma humra 'yar ƙaramar kwalba ba gudu ba ja da baya.

Likita_Zee: Humrar ta bari sai dare a cikin tanti. In za a fita daji ƙamshi mai zaƙi yana tara ƙwari. Tunda an zo nan bari in sa baki a ɓangarena. Na farko katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan. Wanda ya fito daga Najeriya ana iya tambayarsa a filin jirgi, kuma allurar sai ta kwana 10 kafin a ɗauke ta a matsayin mai aiki, don haka ba ranar jajibiri ake zuwa ba. Ki sa shi cikin fasfo. Na biyu sauro. Mutanenmu suna cewa ai mu da zazzaɓi mun saba, to sabo ba rigakafi ba ne. Ki ga likitanki ya faɗa miki ko za ki sha maganin kariya, musamman in akwai ciki ko ana shayarwa, don ba kowanne ne ya dace da mai ciki ba. Ki sayi man shafawa na korar sauro mai sinadarin DEET. Na uku, duk maganin da kike sha kullum, na hawan jini ne, na olsa ne, abin shaƙa na asma ne, ki ninka adadinsa ki sa a jakar hannu cikin kwalinsa. A can ba kemis a bakin layi. Ki ƙara da farasitamol, gishirin ORS, maganin ƙaiƙayi, man leɓe. In mota na sa ki amai ki nemi maganinsa, ƙaramin jirgi yana rawa da rana in iska ta yi zafi, wani lokaci kuma sai ya sauka a filaye biyu ko uku yana ajiye mutane kafin a zo naku.

Malam_Na_Zaure: Duk an yi maganar jiki, ba a yi ta Sallah ba. Hajiya, buta. Na maimaita, buta. Banɗakin zai yi kyau kamar na otal mai tauraro biyar, amma an tsara shi ne don Turawa, takarda kawai za ki gani a rataye. Akwai 'yar buta ta roba mai naɗewa da alhazai ke saya, ki nemi biyu. Sai darduma marar nauyi, irin ta aljihu. Kuma ki lura, alƙibla a can ba gabas ba ce. Mu nan mun saba har muna cewa “fuskanci gabas”, to Kenya tana kudu da Makka ne, arewa za ki duba, ki ɗan karkata dama kaɗan. Ki sauke manhajar alƙibla da lokutan Sallah tun kina da intanet. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu. Asuba tana shigowa kafin fitar safe, saboda haka kina idarwa sai mota. Azahar da La'asar matafiyi yana da sauƙin ƙasaru, wannan kowa ya sani.

Dan_Kwari77: Malam ka faɗa musu gaskiya mana, kuɗin nan da Umara suka tafi da shi ba ta fi ba?

Malam_Na_Zaure: Alhaji, ba a tambaye ni wannan ba. Mutum ya faranta wa iyalinsa da halalinsa, kuma kallon halittar Ubangiji ba laifi ba ne. Kai da ka sauya mota bana wa ya ce maka da Umara ka tafi?

Dan_Kwari77: Na yi shiru.

Auta_Zango: Gaisuwa daga Kumasi. Ni tambayata abinci. Naman da za su ba ku wa ya yanka? Ni in zan yi tafiya irin wannan, kilo biyu cikin sha biyar ɗin nan kilishi ne da dambun nama da yaji.

Abu_Nairobi: Yaya Auta, yaji e, kilishi a'a. Nama daga wata ƙasa abu ne da jami'an filin jirgi ke iya ƙwacewa, sannan ko ya wuce, ƙa'idar kowane sansani ita ce ba a ajiye abinci a tanti. Yawancinsu ba su da katanga, dabbobi suna ratsawa da dare, ga birai da rana. Maganar yanka kuwa, Kenya akwai Musulmi da yawa, kuma samun naman halal a Nairobi ba wuya. Abin da ake yi shi ne a rubuta wa sansanin tun makonni kafin zuwa: ba ma cin alade, ba ma shan giya, kada a sa giya a girki, muna son naman halal. Daga Nairobi ko Narok suke kawo cefane, in sun sani da wuri za su shirya. In ba su samu ba akwai kifi da ƙwai da wake da ganye. A faɗa musu maganar giya musamman, domin al'adar wuraren nan ce da yamma a tsaya a kan tudu ana kallon faɗuwar rana a buɗe kwalabe. In sun sani sai su zo muku da shayi da lemo. Shayin Kenya kuwa ba sai na yi talla ba.

Baffa_Dogo: Maganar birai ta tuna mini Yankari. Mun je da yara wata Sallah, mun sauko daga wanka a Wikki, ruwan nan mai ɗumi da ba ya sauyawa rani da damina, uwargida ta buɗe but ɗin mota za ta ɗauko kular dambun shinkafa. Wallahi kafin ta juya wani ƙaton gwaggon biri ya sure kular ya haye bishiya, ya buɗe murfin kamar shi ya saya. Yana ci yana kallonmu. Kular ma da ya gama sai ya jefo ta ta fashe. Ni dai abin da zan ce, ki riƙa zuge zif ɗin tanti har ƙasa duk lokacin da za ki fita, ko na minti ɗaya ne. Amma tsakani da Allah, me ya sa ba za mu riƙa zuwa namu ba? Yankari akwai giwaye, ga Gashaka Gumti a Taraba, ga tsaunin Mambila mai sanyi.

Hajiya_Turai: Baffa, na je Yankari sau uku, ina son wurin. Amma abin da ake zuwa gani a Mara a watan Agusta babu shi a wani wuri sai can da Serengeti ta Tanzaniya, wadda daji ɗaya ne iyaka ta raba. Wata dabba ce mai kama da saniya, mai gemu da siririyar ƙafa, nyumbu suke ce mata da Swahili. Sun fi miliyan ɗaya, tare da jakunan dawa, suna bin ruwan sama suna neman ɗanyar ciyawa. In suka zo bakin kogin Mara sai su yi cirko-cirko, awa biyu, awa uku, ba mai son ya fara, kadoji na jira a ƙasa. Can sai ɗaya ta yi ƙundunbala ta faɗa, sai ka ga duniya ta biyo ta, ƙura ta tashi, kuka ko'ina. Mun yi awa huɗu a mota muna jira. Wanda ya kawo ni kan abin da na manta ɗazu: 'yata, kada ki sha shayi kofi uku kafin fita. Ba a sauka daga mota sai inda direba ya duba ya ce a sauka, kuma bayan wani ɗan kurmi ne. Ki sa tishu da 'yar butar Malam da abin wanke hannu a jakarki, kuma ki sa dogon wando a ƙarƙashin doguwar riga. Zani ba ya yi, hawa motar ma sai kin ɗaga ƙafa sosai.

Maman_Ilham: Mama wannan ita ce shawarar da ba zan samu a takardar kamfani ba. To launin kaya fa? Sun rubuta wai a guji baƙi da shuɗi. Abayoyina kusan duk baƙaƙe ne.

Likita_Zee: Saboda ƙudan tsando ne. Baƙi da shuɗi mai duhu suna jan sa, shi ya sa tarkon da ake kafa masa ma da ƙyallen shuɗi da baƙi ake yi. Cizonsa da zafi kamar allura, yana ratsa yadi marar kauri, kuma shi ke ɗauke da ciwon barci a mutane da sammore a shanu, ko da yake kamuwar matafiyi abu ne mai wuya ƙwarai. Ya fi yawa a wuraren da ke da kurmi. Ki nemi ruwan ƙasa, ruwan toka, kore marar haske. Fari kuma ƙura za ta mayar da shi ja kafin azahar.

Kande_Mai_Humra: Wato a je hutun soyayya a yi shigar 'yan bautar ƙasa. Allah ya kyauta.

Maman_Ilham: Hhh Anti Kande ni ma abin da ke cina ke nan. Hoto fa? A ce shekara goma, duk hotunan ina cikin kakin gandiroba?

Hajiya_Turai: Ki ɗauki kaya ɗaya na kwalliya, guda ɗaya tak, marar nauyi, atamfa ko doguwar riga mai santsi, ba leshi mai dutse ba. Da dare ana kunna wuta a tsakar sansani, a jera fitilun ƙwai, a ci abinci a waje. Nan za ki sa. Ni atamfa na sa daren ƙarshe na kafa ɗauri, sai ga matan Turawa sun zagaye ni suna tambaya yadda ake ɗaura shi. Sauran kwanakin kala uku sun ishe ki, domin suna wanki kullum, ki bayar da safe a dawo miki da shi a goge in rana ta yi kyau. Sai dai kayan ciki, yawancin wuraren ba sa karɓa, za ki ga sun ajiye garin sabulu a banɗaki, ki wanke abinki.

DanAgadas: Salamu alekum, ina bin zancen tun ɗazu. Mu nan Agadas kafin al'amura su lalace, aikin da muka tashi a ciki ke nan, kai baƙi cikin Ayar da Tenere, Timiya, Iferwan, har Bilma ga masu ƙarfin hali. Na yi shekaru ina bin wani kawuna a matsayin yaron mota. Abin da na gani, baƙon da ya fi shan wahala shi ne wanda ya fi kaya. Kullum yana neman abu a ƙasan jaka, kullum ya manta wani abu a inda aka kwana. Buzu kuwa rawaninsa ɗaya shi ne inuwarsa, shi ne maganin ƙura, shi ne bargon wuyansa da dare. Hajiya, ke kin ma fi kowa sa'a, kin saba da mayafi. Ki ɗauki manya guda biyu na auduga masu kauri, za su yi miki aikin abu biyar. Sai tocila, wadda ake ɗaurawa a goshi ta fi, hannu ya huta. Takalmi rufaffe, kuma kullum da safe ki kifa shi ki kaɗe kafin ki zura ƙafa. Kunama ba ta san tanti na alfarma ba ne.

Dan_Kwari77: Na dawo. Tunda jaka mai laushi ake so, Ghana-must-go fa? Ga laushi ga arha, akwai su a shagon maƙwabcina.

Auta_Zango: Alhaji a bar tone-tone, muna nan fa.

Abu_Nairobi: Hhh. Ban da wasa, wasu kamfanonin jirgi sun daina karɓar ta saboda tana maƙalewa a bel ɗin kaya. Kuma wannan ya tuna mini babban abu: leda. Tun 2017 Kenya ta haramta ledar cefane, irin baƙar ledarmu da mai hannu, dokar kuma da tsanani. A 2020 aka ƙara da hana robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar a cikin gandun daji, har da gorar ruwa. Mu kuwa komai a leda muke ƙullewa, takalmi leda, yaji leda, kayan wanki leda. Anti ki zazzage jakarki kafin ki taso, ki ɗinka 'yan jakunkuna na yadi wajen tela, yajin ki zuba a ƙaramin gwangwani mai murfi. Gorar ruwa ta ƙarfe yawanci sansanin ke bayarwa. Kada Abban Ilham ya sa wando ko hula mai zanen kakin soja, kamar dai gida, ba a son farar hula da shi. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi ma a bar shi, sai da izini. Soket ɗinsu irin namu ne na Najeriya mai baki uku, ba sai kin sayi komai ba. DanAgadas ne zai nemi adafta in zai zo.

Injiniya_Bashir: Ƙari a kan na Abu: fawa bank a jakar hannu ake sa shi, ba a cikin kayan da za a auna a tura ba. Kuma in da abu ɗaya da zan ce a kashe wa kuɗi, madubin hangen nesa ne, kowa da nasa. Damisa tana kan reshe can nesa, direba na nunawa, ku biyu kuna fizgar guda ɗaya, kafin ya zo hannunki ta sauka. A nan ake ɓata shekara goman. Dala kuma a nemi sababbi masu tsabta, tsofaffin bugu da masu yagewa ana ƙin karɓa. A canza kaɗan zuwa shilin don ɗan alherin direba da ma'aikata da sayen duwatsun wuya wajen matan Masai.

Ummu_Sudais: Ni ban je Kenya ba, Maroko muka je, Marzuga, wajen tudun yashin nan, a watan Janairu. Abin da zan ƙara kawai, kada ki yarda da hoto ɗari bisa ɗari. Namu a hoto har da bahon wanka da fitilu kamar gidan sarki. Da muka isa bayan tafiyar yini guda daga Marrakesh, ruwan zafin ya ƙare tun kafin a zo kanmu, na'urar ɗumama ɗakin kuma ba ta aiki, muka kwana da jaket da safa biyu-biyu. Ki sa maigida ya rubuta musu ya tambaya dalla-dalla: wuta awa nawa, ruwan zafi famfo ne ko bokiti ake ɗorawa, akwai intanet a tanti ko sai wajen cin abinci, suna ba da sabulu da man shafawa da tawul. Duk abin da suka ce akwai, ki cire shi daga jakarki. Ni na yi dakon tawul biyu da sabulai har can, na tarar da su jere.

Hajiya_Turai: Na bokitin ma ba abin tsoro ba ne, wani wurin da gangan suke yi. Ki faɗi lokacin da kike so, su dafa ruwa su ɗura a wata jaka su ja ta sama da igiya daga waje, ki buɗe ya zubo miki. Sai dai ba a tsayawa waƙa a ciki, minti kaɗan ne.

Maman_Ilham: Jama'a Allah ya saka da alheri. Yanzu na gwada zubawa a jakar motsa jikin Abban Ilham: dogayen riguna uku ruwan ƙasa, wanduna biyu, suwaita, jaket, mayafai biyu, hijabin Sallah, darduma, buta, magunguna, silifas, atamfa ɗaya, kayan shafa rabi. Kilo 12 da ɗigo. Saura kusan uku. Leshin nan yana kan gado yana kallona.

Injiniya_Bashir: Kin sa madubin hangen nesa da caja da fawa bank da jakar hannun kanta a lissafin?

Maman_Ilham: Ban sa ba.

Kande_Mai_Humra: Ki tura su jakar Abban Ilham mana. Namiji me zai ɗauka, wando biyu da hula. Ai kilo 30 ne ku biyu, ba 15 ba. Ki sa leshinki ƙanwata.

Abu_Nairobi: Wannan kam sai an tambayi kamfanin jirgin, amma sau da yawa in tikiti ɗaya ne tare suke aunawa.

Dan_Kwari77: Bawan Allah ya biya kuɗin jirgi, ya biya na tanti, yanzu kuma kilonsa ma an cinye. Hajiya in kun dawo a turo mana hoton kurar. Tayin rugar Dambatta yana nan, can ko akwati goma kika zo da su akwai jaki.

Maman_Ilham: Ya shigo yanzu na karanta masa. Ya ce kilo biyu zai ba ni aro, amma da sharaɗin a bar masa wurin yajinsa da filas ɗin shayi. Mama Turai, filas ɗin yana da amfani ko suna bayarwa a mota?

Hajiya_Turai: Suna bayarwa, har da kofuna. Ki ce ya ajiye filas, ki karɓe wurin.